Ranar da Wayoyin Tajaye Suka Yi Shiru

Shekara biyar ke nan da rasuwar Shaibu, taubashina, ɗan gwaggona na fari, ɗan kabu-kabu a Birnin Konni. Ba wani babban mutum ba ne da za a ce jarida ta san da zamansa. Bai riƙe buron gwamnati ba, bai tsaya zaɓe ba, lakwal ma azuzuwan farko kawai ya leƙa ya gudu. Amma har yau, duk sanda waya ta yi ƙara a aljihuna na ciro na ga hoton mutum da addu'a a ƙarƙashinsa, Shaibu nake fara tunawa kafin in karanta sunan mamacin. Shi ya sa bana na roƙi wannan fili, in faɗi abin da na daɗe ina juyawa a raina game da shi, da kuma wayoyin nan da ba ma iya ajiyewa ko wajen cin tuwo.

Mu 'yan Tajaye ne. Uwarsa ƙanwar ubana ce, saboda haka wasa tsakanina da shi gado ne, ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Shi ya riga ni zuwa Konni, na biyo bayansa na buɗe ɗan shagon kayan babur kusa da tasha. Ban taɓa yin mugun abokin ciniki irinsa ba. Zai zo ya mamaye mini benci, ya shanye mini shayi, in mai saye ya tsaya ya rantse masa cewa kayana duk jabu ne. Kullum kuma yana yi mini gorin cewa ina sayar da kayan babur amma in na hau babur sai kaji sun nemi mafaka. A wannan kam gaskiyarsa ce. Gwaggo kuwa, da yake ɗanta ne na fari, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba tun tasowata. Da yana yaro «wancan» take ce masa. Da ya girma ya yi babur, sai ya zama «mai babur», kuma a haka ya tsaya.

Duk wanda ya san garinmu ya san da zarar an ɗaure gero an zuba a rumbu, maza sai su watse neman abin kai. Wasu Abidjan, wasu Legas, wasu su keta sahara har Aljeriya da Libiya. Gari ya rage tsofaffi da mata da yara. Lokacin da manyan wayoyin nan suka fara araha a kasuwar Konni, Shaibu ne ya buɗe mana zaure guda a waya, ya yi ta tattaro lambobin 'yan gari yana zubawa, har ya zamana ba gidan da ba shi da kunne a ciki. Da yake yawancinmu karatun boko bai zauna ba, zauren na murya ne. Mutum ya danna, ya faɗi abin da ke ransa, ya saki.

Ni ba na cikin masu tsine wa waya, kuma ba zan fara yau ba. A zauren nan aka gano san noman wani da ya ɓace, an gan shi wajen Bazaga. A nan wanda ke ɗaukar siminti a Aljeriya yake jin an yi ruwan shuka a gonarsa, har a ɗora masa wayar a bakin zana ya ji saukar ruwan da kunnensa. A nan matar da a da sai ta nemi mai rubuta mata takarda, ta tona masa cikinta, yanzu take gaya wa mijinta maganarta da bakinta. Ni kaina da safe kafin in ɗaga ƙofar shago sai na leƙa shafukan gajerun rubutu na ga ko iyaka a buɗe take, ko wace hanya ce ta lalace. Wanda ya ce duk wannan ba alheri ba ne, bai taɓa yin nisa da gida ba.

Matsalar ta fito ne ta inda ba wanda ya yi tsammani. A ƙauye ba a sauraren saƙo a kunne. Mace za ta ɗora waya a kan turmi ko gefen rijiya ta buɗe murya, kowa ya ji, a yi dariya tare, a yi jaje tare. Wata rana mata suna layi wajen injin niƙa, wata ta danna sabon saƙon da ya shigo. Muryar wani ɗan garinmu ce daga Aljeriya, yana salati yana shaida wa jama'a cewa gini ya rufto wa Nomau ɗan gidan Hajo, Allah ya karɓi abinsa. Hajo tana tsaye a layin, ƙwaryar gero a kanta. Waɗanda ke wurin sun ce ba ta yi kuka ba. Ƙwaryar ce ta faɗo, ita kuma ta durƙusa tana tsince geron daga cikin ƙasa tana mayarwa, tana tambayar matan wane Nomau ake nufi. Wanda ya aiko saƙon ba mugu ba ne, shi ya wanke gawar ma. Bai dai yi tunanin inda muryarsa za ta sauka ba.

Da labarin ya iso Konni, Shaibu yana kan bencina. Ban taɓa ganin ya bar shayi ya huce ba sai ran nan. Ya ɗauki wayarsa ya danna ya yi magana, kuma har yau ina iya maimaita ta:

«Jama'a, ni na buɗe wanga zaure, kuma ni ka rufe shi in ta kama. Daga yau, kowa yaj ji mutuwa, kar shi sa ta nan. Shi kira ni, ni kaɗai. In ɗauki babur in tahi in iske uwar yaro, a hwaɗa mata baki da baki tana zaune. In an gama, ni da kaina ka sanar da ku. Wanda duk yar riga ni, wallahi waje za shi, ko da ubana ne.»

Ba sabon abu ya kawo ba. Haka iyayenmu suke yi tun kafin a san waya: mutuwa ba a aika ta, kai ta ake yi, kuma ba kowa ke kai ta ba. Shaibu dai ya ɗauko tsohuwar al'adar ya ɗora ta a kan babur. In an kira shi, ko yana tsakiyar aiki ne sai ya sauke fasinja ya ba wani abokin sana'a, ya kama hanyar Tajaye. A bakin gari yake kashe injin, ya tura babur da hannu har masallaci. A nan yake ɗaukar Malam Ada, dattijon da ke ba mu salla, su taka da ƙafa. Kafin su isa sai an tura mace ta riga su shiga gidan, ta zauna kusa da uwar kamar hira ta kawo ta. Daga baya Hajo ce ta ɗauki wannan aiki, ba tare da kowa ya sa ta ba. Su kuma su yi sallama, su zauna, a gaisa a tsanake, a tambayi gona da awaki. Shaibu ya ce an kira shi, jikin wane ya yi tsanani. Sai ya yi shiru, ya bar uwar ta tako da kanta zuwa inda maganar ta dosa, sannan Malam Ada ya ce sai haƙuri. In kuwa a gida aka yi rashin, ɗan yana Abidjan, to wani dattijon can Shaibu yake kira ya ce ya tashi ya je ɗakin yaron da ƙafarsa.

Abin bai tafi sumul ba. Mu ba ma ajiye gawa, kuma akwai waɗanda suka rasa sallar jana'iza saboda labari ya makara a hannun Shaibu. Sun yi ƙorafi, kuma ban ce ba su da hujja ba. Amsarsa guda ce kullum: wanda bai samu sallar gawa ba yana iya addu'a daga inda yake, uwa kuwa sau ɗaya tak take jin wannan labari, kuma yadda ta ji shi haka zai zauna mata har ta koma ga Allah. Akwai wani Alhaji ɗan garinmu, babban ɗan kasuwa a Konni, wanda shi ne ma ya tsaya wa Shaibu ya samu baburinsa na farko. Wata rana ya ji rasuwa ya saka a zaure, don a ganinsa doka ta yara ce. Kafin la'asar Shaibu ya fitar da Alhajin daga zauren. Alhaji ya daina amsa gaisuwarsa har Sallah ta zagayo, sannan aka sasanta aka mayar da shi. Daga ranar kowa ya shiga taitayinsa.

Abin da ya fi damun Shaibu shi ne matan gari sun fara tsoron ganinsa. Ni kuwa na samu abin tsokana, na ce taubashina ya zama mujiya, inda duk ya sauka sai kuka. Ya ji zafin maganar fiye da yadda na nufa. Dabarar da ya yi ita ce, duk ranar da lafiya ta kawo shi, tun daga bakin gari zai fara danna ham yana murza babur kamar mahaukaci, awaki na tsalle, tsofaffi na zagi. Gwaggo kan ce, «Ga mai babur can da haukansa.» Amma za ka ga ta saki fuska, don ita ma ta san ma'anar ƙarar.

Sau da yawa ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yadda muke yau. Na san wasu abubuwan za su burge shi. Da ya ga Gwaggo tana kallon jikokinta na Legas ido da ido a waya, tana yi musu faɗan rashin aski, da sai ya fi kowa murna. Kuma na tabbata da yanzu yana da shafinsa, yana ɗora bidiyon kansa a kan babur yana cika baki. Amma sauran fa? A zamaninsa ƙofa ɗaya ce yake tsaro. Yanzu kowane layi da zaurensa, kowane saurayi da shafinsa, kuma an mayar da mutuwa tsere, kowa so yake a ce shi ya fara sakawa. Mutum na kan gadon asibiti yana shure-shure, wani na tsaye da waya. A maƙabarta ana zuba ƙasa, wani na nuna wa duniya kai tsaye. Ta'aziyya ta koma ɗan hoton fuska mai hawaye da ake dannawa ana tauna gyaɗa. Kwanakin baya wani tsoho a Bazaga aka yi ta yi wa iyalinsa ta'aziyya yana raye, har sai da ya karɓi wayar jikansa ya gode wa jama'a da bakinsa, ya ce in lokacin ya yi zai sanar da su. An yi dariya, ni ma na yi. Amma 'yarsa da ke aure a nesa ta yini tana kuka kafin a same ta a gyara mata zance.

Ranar da Shaibu ya rasu da damina ce. Da hantsi wani abokin sana'arsa ya kira ni ya ce in rufe shago. Ya ce Shaibu ya kai fasinja Malbaza, a hanyar dawowa wata babbar mota ta haɗa da shi, ko shurawa bai yi ba. 'Yan kabu-kabun da suka riga isa wurin sun kewaye shi da jikinsu, suka aro tabarma suka rufe shi, suka ce duk wanda ya ɗaga waya a ƙasa zai tsince ta. Matata da maƙwabta suka shiga wajen matarsa a nan Konni. Saura Gwaggo. Aka tsaya ana kallon juna, don mai kai irin wannan saƙo shi ne a kwance. A ƙarshe idanu suka dawo kaina, ni da ban taɓa kai mutuwar ko akuya ba.

Na ari babur na kama hanya. Bayan na bar kwalta na tarar an yi ruwa a sama, korama ta ciko ta yanke hanya, ba yadda za a yi sai a jira ta sauka. A bakin ruwan nan aka kira ni aka ce wani baƙon shafi, irin masu ɗora haɗarin hanya, ya riga ya saka hoton babur ɗin. Shaibu yana da wani jan buzun tunkiya da yake shimfiɗawa a kan sirdi, kuma ba yaron Tajaye da zai gan shi bai gane ba. Matar ƙaninsa da ke zaune da Gwaggo tana da waya, kuma ita ma komai a bayyane take saurare. Na ce a raina, mutumin da ya tsare iyayen mutane duk shekarun nan, yau tasa uwar za ta ji a bakin turmi.

Na buɗe zaurenmu da fargaba. Saƙo na ƙarshe na wani ne daga Legas tun da safe, yana tambaya ko gero ya fara fitar da kai. Ba wanda ya amsa masa. Zauren da ba ya minti ba a yi magana ba, ya yi tsit. Ba don ba su sani ba. Wayata ba ta huta ba, kowa ni kaɗai yake kira, daga Abidjan, daga Aljeriya, daga Legas, wasu ko magana ba sa iya yi sai shessheƙa. Alhajin nan da aka taɓa kora ma ya kira. Ya ce, «Habu, ka tahi sannu, kar kai ma ka hwaɗi. Na kira yarana duka, na ce wanda yas saka wanga zance, ba ni ba shi. Muna riƙe da bakinmu har ka isa.» A nan ne na fara kuka, ina tsugune a bakin korama.

Da ruwa ya ja, wasu manoma suka taya ni ƙetarar da babur. A bakin gari na kashe injin, ban ma yi shawara da zuciyata ba. Na tura shi na wuce ta wajen injin niƙa. Mata na tsaye a layi, ba waya ko ɗaya a kan turmi, ba mai hira. Hajo tana cikinsu. Ta dube ni, ta sauke ƙwaryarta ta miƙa wa ta kusa da ita, ta gyara mayafi ta yi gaba. A masallaci na tarar da Malam Ada zaune a waje, takalmansa a ƙafa, sandarsa a hannu.

Mun sami Gwaggo a gindin itacen bedi tana tsinke ganyen tafasa, Hajo a gefenta. Har an shimfiɗa tabarmar baƙi. Muka zauna, muka gaisa. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, yadda na ji Shaibu yana yi, in ce jiki ya yi tsanani. Na gyara zama zan fara. Gwaggo ta ajiye ganyen, ta share hannu a zanenta, ta ce:

«Habu, bar wahal da kanka. Tun hantsi wayoyin garin ga sunka yi shiru, na san an yi rashi. Niz zauna ina jiran in ji wane gida mai babur za shi shiga. Sai ga Hajo ta shigo nawa. Sai ga ka, kai da ba ka iya tuƙi ba.»

Ta dubi Malam Ada, ta dawo da idonta kaina. Ta ce, «Shaibu ne ko?»

Tunda nake, ran nan na fara jin sunan a bakinta. Malam Ada ya ce sai haƙuri. Ta yi salati, Hajo ta riƙe mata hannu. Can Gwaggo ta ce mini, «To, hwaɗa musu. Sun yi ƙoƙari.» Na ciro waya na danna, na faɗi abin da kowa ya riga ya sani. Ina sakin saƙon, sai na ji wayoyi sun ɗauki ƙara gida gida, daga nan tsakar gidan har ƙarshen gari, sannan kuka ya biyo baya. Da la'asar aka iso da Shaibu, muka kai shi makwancinsa.

Yau in an tambaye ni me Shaibu ya bari, ba na cewa doka, don dokar ta sha karyewa bayansa. Zauren yana hannuna yanzu, kuma ba ni da zafinsa. Wani lokaci labari yakan riga ni isa ta wata kafar, in tarar uwa ta riga ta ji a bakin yaran maƙwabta, in zauna in yi ta'aziyya kawai ina jin kunya. Wani lokaci kuma a dace, a riƙe, har in isa. Abin da na san ya bari shi ne mutanen da suka taɓa ganin cewa yana yiwuwa. Maza warwatse a ƙasashe daban daban, kowa da waya a hannu da labari mai ƙuna a ciki, suka haɗiye shi saboda tsohuwa guda a gindin bedi. Wanda ya ga wannan, in yatsansa ya kai kan waya zai ɗan dakata ya tambayi kansa ko uwar ta ji. Roƙona ga mai karatu bai wuce wannan dakatawar ba. Allah ya jiƙan Shaibu, ya sa ya huta, ya kyauta namu zuwan.

Gwaggo tana nan da ranta, ido ya yi rauni amma kunne garau. Tun daga ran nan ba ta sake kiran sunan ba, ta koma cewa «mai babur», kamar ya je Konni ne zai dawo. Ranar Juma'a zan je in gaishe ta, mu yi masa addu'a. Har yanzu ban iya tuƙi sosai ba, amma tun daga bakin gari zan fara danna ham, don ta san lafiya ce ta kawo ni.